Akushin da Ghissa Bai Taɓa Ba

Ranar Juma'a Madina ba ta buɗe rumfarta ba. Masu cin shinkafa da wake suka zo kasuwar Arlit suka tarar da benci a kife, suka koma da yunwarsu. Ita kuwa tana gida a unguwar Bukoki, tana tuƙa tuwon da ba na sayarwa ba.

Ghissa ne zai zo gaida mahaifinta.

Wata bakwai tana neman wannan rana. Bazawara ce, shekararta ashirin da tara. Ba mai iya ɗaura mata auren da ba ta so. Amma ta yi wa kanta alkawari ba za ta shiga ɗakin wani namiji ba sai bakin Malam Kalilu ya ce ya ba da ita. Shi kaɗai ya rage mata a duniya.

Malam Kalilu mutumin Damagaram ne. Shekara goma sha uku yana shiga ramin uraniyum yana fitowa, har kasuwar uraniyum ta faɗi aka sallame su da yawa. Ya bar gidan ma'aikata ya dawo Bukoki da tari da zafin rai. Tun daga nan tukunyar Madina ke riƙe da gidan. Ba mai faɗin haka a gabansa.

Shi kuwa Ghissa Buzu ne, mai garka a wata ƙorama bayan Gugaram. Duk Alhamis yakan biyo ayarin motocin da soja ke rakowa, da buhunan dankali da albasa da kwandunan tumatir, ya koma ranar Lahadi. Shekara biyu ke nan da tashin tawaye a duwatsun Abzin. Duk mai rawani a garin ana kallonsa sau biyu.

Bayan an sauko masallaci Malam Kalilu ya zauna a inuwar katanga. Kusa da shi ga Alhaji Zayyadu, shugaban ƴan kasuwa, mai kamiyo uku, manyan motocin da ke kawo kayan miya daga kudu. Ba wanda ya gayyace shi. Sau biyu yana neman auren Madina, sau biyu tana cewa a'a.

Aka yi sallama.

Madina ta leƙa ta hudar zana. Ghissa ya tuɓe takalmi tun daga ƙofa. Da idonsa ya faɗa kan tsohon sai ya kai hannu ya ja amawalin rawaninsa sama. Ya rufe baki, ya rufe hanci, har sai da ya rage ido kaɗai. Bai durƙusa ba. Ya zauna a bakin tabarma, ya ba da kafaɗa, ya sa ido a ƙasa.

Aka gaisa a taƙaice.

Madina ta fito da akushi. Tuwon gero ne da miyar kuɓewa, da naman rago da ta saya ba ta taya ba. Ta ajiye, ta buɗe faifai, ta koma bayan zana.

"Bismilla," in ji Malam Kalilu.

"Alhamdu lillahi, Baba."

"Ba lafiyarka na tambaya ba. Abinci na ce."

"Na gode, Baba."

Bai matso ba. Tsohon ya dube shi. Sai ya jawo buta ya zuba shayi da hannunsa, abin da Madina ba ta taɓa ganin ya yi wa na ƙasa da shi ba. Ghissa ya karɓa da hannu biyu, ya ajiye gefen gwiwarsa. Kumfar shayin ta kwanta. Shayin ya huce.

Alhaji Zayyadu ya yi ƴar dariya.

"Malam, ƙyale shi. Wataƙila ya ci a dutse kafin ya sauko. Na ji can ma akwai masu dafa musu."

Ghissa bai ɗaga kai ba. Amma Madina ta ga yatsunsa sun danne tabarma.

"Kai," in ji Malam Kalilu. "Sauke rawanin nan in ga fuskar mai neman ɗiyata."

Ghissa bai taɓa rawanin ba.

"Da kai nake."

"Ba zan iya ba, Baba."

"Ba za ka iya ba."

Tari ya sarƙe tsohon. Da ya lafa masa sai ya yi magana a hankali, kuma Madina ta san in muryarsa ta yi ƙasa haka to ransa ya gama ɓaci.

"Shekara goma sha uku na yi a ƙarƙashin ƙasarku. Na ci kwano ɗaya da Bazabarme, na ci da Bayarabe, na ci da Buzaye ƴan'uwanka. A bakin rami suna sauke rawani suna ci suna dariya. Ba wanda ya taɓa ƙyamar hannuna. Sai yau da na rasa aiki za a shigo gidana a nuna mini tuwona bai kai a ci ba. Tashi."

"Baba..."

"Ban haife ka ba. Tashi ka fita."

Ghissa ya miƙe. Ya fita da baya-baya, ya ɗauki takalminsa a hannu, bai sa ba sai a waje.

Alhaji Zayyadu ya gyara babbar riga.

"Ai gara da ka gani da idonka, Malam. Da ma ina da labari. Kwamitin kasuwa ya yanke, daga gobe ba kayan dutse da zai shiga kasuwarmu. Ba mu san wa kuɗin ke ciyarwa ba. Duk mai saye ko sayar da shi, ta kwashe ta koma bayan tasha."

Ya ɗaga murya kaɗan, ya juya wajen zana.

"Amma rumfar da ta zama ta gida, wa zai taɓa ta?"

Ya yi sallama ya fita.

Madina ta fito ta durƙusa a gaban mahaifinta. Akushin na nan a buɗe, man miya ya fara daskarewa.

"Baba, ka yi haƙuri. Ban san abin da ya same shi ba."

"Ni na sani. Girman kai."

"Ba halinsa ba ne. Wata bakwai ina ganinsa."

"A kasuwa kike ganinsa, inda yake neman cinikinki. Ni a gidana na gan shi."

"Ka bari in tambaye shi."

"Ki tambaye shi me? Abin da ya sa ya raina ubanki?"

Hawaye suka zubo mata. Ta share da gefen mayafi, wasu suka biyo.

"Baba, tun da mijina ya rasu ban roƙe ka komai ba. Shekara huɗu ina tashi kafin kiran salla, ina hura wuta, ina ɗaukar ruwa, ina..."

"Ƙarasa."

Ta sunkuyar da kai.

"Ƙarasa mana. Ki ce ke ke ciyar da ni."

"Wallahi ba shi zan ce ba."

"Shi ne a bakinki. Shi ma shi ya gani. Ya ga gidan da mace ke riƙe, ya ce tuwon gidan bai isa ya sauke rawani ba."

"Ni dai ba zan auri Alhaji ba."

"Ban ce dole ba. Ke ba yarinya ba ce. Ki je wajen alƙali ya ɗaura miki da wanda kika ga dama. Amma wancan, muddin ina numfashi, ba da bakina ba."

"Ka san ba zan je ba."

"To ki zauna. Ɗauke wannan daga gabana."

Ta rufe akushin ta kai madafa. Ba ta zuba wa akuya ba. Ba ta iya ci ba.

Washegari ta isa kasuwa da fushin da ta kwana da shi.

Tun daga ƙofa ta ga an yi shara. Layin matan da ke zama a bakin rumfunan kayan miya ya zama fili. Ta zagaya bayan tasha, inda ba bishiya ba bango, sai ƙasa mai zafi da warin man gazuwal. A nan ta same su.

Akwai matan Buzaye da fari ya kashe wa awaki, suna zaune da tabarmi da ɗan cuku. Akwai Gaji, Babarbariya mai turaren wuta, ta rufe kwalabenta da zane. Akwai ƴar Togo mai yaji da busasshen kifi, wadda laifinta kawai tana sayen tumatir a hannun Ghissa. Ba mai saye ko ɗaya da ya biyo su.

Ghissa na tsaye kusa da buhunansa. Tumatir ya fara sakin ruwa a ƙasan kwando. Rawaninsa yau yana ƙarƙashin haɓa, yana ma tauna dabino.

Wannan ne ya ƙarasa ta.

"Ashe kana da baki," ta ce.

Ya juyo. "Madina."

"Ashe kana ci. Ashe haƙoranka lafiya lau. Na rufe rumfa ranar Juma'a saboda kai. Wata bakwai ina lallashin tsohon nan, kamar mai lallashin wuta. Ya zuba maka shayi da hannunsa, Ghissa. Ko mijina na fari bai samu wannan ba."

"Na gani."

"Ka gani, ka ajiye shi a ƙasa kamar ruwan wanki."

"Na ba shi abin da ya fi girma a wajena."

"Me ka ba shi? Kunya ka ba shi a gaban maƙiyinka."

Idonsa ya kaɗa. Ya tofar da ƙwallon dabino.

"An kira ni ɗan tawaye a gaban mutumin da nake girmamawa, na yi shiru. An kore ni kamar kare, na fita da baya. Yau kayana yana ruɓa, rijiyata ta kusa ƙafewa, raƙumin da ke ja mini ruwa ƙashi ne da fata. Kuma a zo nan a ce ni na yi laifi?"

"To faɗa mini dalili."

"Wannan ba abin faɗa ba ne. Wanda ya sani ya sani."

"Ni ban sani ba."

"To shi ke nan. Gobe ayari zai tashi. In kasuwa ta rufe mini, gida ya rufe mini, ban ga abin da zai dawo da ni ba."

Ta ji hawaye na tahowa, ta ji haushin kanta.

"Ku biyu duk jakuna ne."

Lalla ce ta yi maganar, gwaggon Ghissa, tsohuwa mai sayar da cuku. Tana zaune a kan buhu tana korar ƙuda. Hausarta ta ƴan Abzin ce, namiji da mace duk "kai" take ce musu.

"Zo nan, yarinya. Zauna. Kai ka zo da wuta, shi kuma ya tsaya kamar itace. Me ya yi jiya?"

Madina ta faɗa mata, tana haɗiye kuka.

Lalla ta gyaɗa kai. "Ya rufe har hanci?"

"Har ƙarƙashin ido."

"Bai sha ba?"

"Ko kurɓa."

"Madalla. Uwarsa ya yi tarbiyya."

"Inna, wasa kike yi da ni?"

"Ina zaune a rana da kayana, ka ga na yi kama da mai wasa? Saurara. Mijina shekara ashirin da biyu bai sha ruwa a gaban ubana ba. Ubana ya mutu bai ga bakinsa ba. A wajenmu namiji yana ci da abokinsa, yana ci da baƙo, yana ci da wanda bai damu da shi ba. Amma ba ya buɗe baki a gaban uban matarsa. Wannan kunya ce, wadda ba a yi wa kowa sai mutum ɗaya ko biyu a duniya. Da ya sauke rawani ya ci tuwon nan, ya ce ke nan ubanka abokin wasansa ne, kuma ba aure ya zo nema ba."

Madina ta juya ta dubi Ghissa. Ya kawar da kai.

"Me ya hana ka gaya mini tun farko?"

"Ke kin gaya mini a durƙusa ake yi?" ya ce. "Na ɗauka kowa ya sani. Akwai wanda ya sani a wurin."

"Wa?"

Lalla ta yi tsaki.

"Wancan mai ƙaton ciki. Zayyadu. Matarsa na fari ƴar Timiya ne, ni na yi mata kitson aure. Lokacin ba shi da kamiyo, jaki ɗaya gare shi. Ya zauna gaban ubanta da rawanin aro har hanci, yana zufa, an ajiye masa nama tun hantsi har la'asar bai taɓa ba. Muna leƙensa muna dariya. Da fari ya cinye raƙuman uban, ya sake ta."

Madina ta miƙe tsaye. Kukan ya tafi. Abin da ya maye gurbinsa ya fi shi zafi.

Ta dubi matan da ke zaune a ƙasa.

"Ku ɗauko kayanku."

"Zuwa ina?" in ji Gaji.

"Rumfata. Tana da inuwar mutum shida, in an matsa takwas."

"Madina, za su cire miki kwanon rumfa. Ke kina da abin rasawa, mu mun riga mun rasa."

"Shekara huɗu da suka wuce wa ya ba ni aron tukunya? Ba ke ba ce, Gaji? Wa ya koya mini miyar da direbobi ke layi a kanta? Ba ƴar Togo ba? Lokacin ba wanda ya tambaye ni ƴar ina ce. Tashi. Ghissa, ɗauko tumatir ɗin nan duka, da buhu biyu na albasa. Ta babbar ƙofa za mu shiga."

Suka shiga a jere, ita a gaba da kwando a ka. Masu rumfuna suka bar abin da suke yi. Mahauci ya tsaya da wuƙa a hannu. Ba wanda ya tare su, ba kuma wanda ya yi musu sannu.

Ta tayar da benci. Ta shimfiɗa wa Lalla tabarma a dama, Gaji a hagu. Ta hura wuta. Ta yanka tumatir mai yawa yadda kowa zai gani.

Man bai gama zafi ba Alhaji Zayyadu ya iso da ƙarti biyu, ɗaya riƙe da guduma.

"Madina, me nake gani haka?"

"Kasuwa kake gani, Alhaji."

"Ba ki ji abin da kwamiti ya yanke ba?"

"Na ji. Su wa ke cikin kwamitin? Kai da ƙanenka da direbanka. Albasarka ta kwana goma a hanya ta tsiro, ba mai so, sai ka tuna da tawaye. Inna Lalla ce ke ɗaukar bindiga? Ko Gaji da turarenta?"

Wani ya yi dariya a baya, ya mayar da ita tari.

"Ki iya bakinki. Darajar mahaifinki kike ci."

"To ga shi nan, sai ka faɗa masa."

Malam Kalilu na tsaye a bakin taron da sandarsa. Kullum da safe yakan zauna wajen mai shayi da tsofaffin abokan aikinsa. Hayaniya ce ta taso shi. Da Ghissa ya hango shi sai hannunsa ya tafi wajen rawani. Ya ja shi har ƙarƙashin ido.

Tsohon ya ga wannan. Fuskarsa ta ƙara ɗaurewa.

"Madina. Fitar da mutanen nan ki wuce gida."

"Zan wuce, Baba. Tambaya ɗaya zan yi wa Alhaji a gabanka."

Ta juya.

"Alhaji, ranar da ka je gaida surukinka a Timiya, ka ci naman da aka ajiye maka?"

Alhaji Zayyadu ya dubi Lalla. Sai a lokacin ya gane ta.

"Wannan wace irin magana ce a tsakiyar kasuwa?"

"Bai ci ba," in ji Lalla daga zaune. "Rawanin ɗan'uwana ya ara, har yau bai mayar ba. Ya rufe har hanci. Ni na koya masa. Na ce in ka buɗe baki a gaban uban yarinya ka zage shi. Malam, yaron nan jiya ya ba ka girman da ba ya ba hakimi. Wannan kuma yana zaune kusa da kai, ya sani, ya yi dariya."

Ana jin man gyaɗa na ƙara a tukunya.

Malam Kalilu ya dubi Alhaji Zayyadu.

"Ka sani?"

"Malam, wancan zamani daban ne. Yanzu ƙasa ba lafiya, ni amanar gidanka nake..."

"Ka sani, ko ba ka sani ba?"

Alhaji ya kawar da kai.

Tsohon bai dubi Madina ba, bai dubi Ghissa ba. Ya juya ya ratsa mutane ya fita, sandarsa na bugun ƙasa.

Madina ta san mahaifinta. An nuna wa duniya an yi wasa da hankalinsa a cikin gidansa, kuma ɗiyarsa ce ta nuna. Mutum irinsa yakan yafe wa ɓarawo, amma ba ya yafe wa wanda ya ga kuskurensa.

"Kin ji daɗi," in ji Alhaji Zayyadu. "Kin kunyata ubanki a kan Buzu. Na ba ku zuwa azahar ku kwashe. Shi kuma sunansa zai kai inda ya kamata ya kai. A can zai yi bayanin wanda yake kai wa dankali."

Ya bar ƙartinsa a tsaye ya nufi ƙofa.

"Ka tafi," Madina ta ce wa Ghissa. "Ka shiga garin Akokan ka ɓuya har ayari ya tashi."

"In na gudu na zama abin da ya ce."

"In ka tsaya za su ɗauke ka."

"To su ɗauke ni a nan."

Ya zauna a cikin rumfar, can ciki kusa da buhunan albasa.

Ta koma kan tukunya. Ta zuba tumatir, hayaƙi ya shiga idonta, ta bar shi ya zama dalili. Rana ta ɗaga. Wani direba ya matso, ya dubi mai guduma, ya dubi tukunya, ya zauna a kan benci ya ce a zuba masa. Wata mata ta sayi cuku biyu da sauri ta ɓoye a mayafi. Bayan su ba kowa.

Ana dab da azahar Gaji ta taɓa ta.

"Dubi can."

Malam Kalilu ne ke tahowa ta tsakiyar kasuwa. Sanda a hannun dama. A hannun hagu, a rungume a ƙirji, akushin jiya ne da faifansa. Mutane suka dare. Ba a taɓa ganinsa ɗauke da ko kofi a titi ba.

Ya shiga rumfar. Ghissa ya yi zumbur zai tashi.

"Zauna."

Ya dire akushin a gabansa. Madina ta ji ƙauri. Da kansa ya ɗumama tuwon, ya kuma ƙona shi.

Tsohon ya fito. Ya ja bencin da ƙafa har ya tare bakin rumfar. Ya zauna ya ba Ghissa baya, fuskarsa na kallon kasuwa. Ya gicciye sanda a kan gwiwa.

"Ba na ganin kowa a bayana," ya ce. "Ba kuma zan juya ba."

Ya dubi mai guduma.

"Kai ɗan wa ne? Ba Rabi'u makaniki ne ubanka ba? Tare muka shiga rami da shi. In kana son kwanon rumfar nan, fara ɗaga ni."

Mai guduma ya sunkuyar da kai, ya sauke hannunsa.

Abokan Malam Kalilu uku da suka biyo shi daga wajen mai shayi suka zauna a kan bencin, kafaɗa da kafaɗa. Ɗaya ya ce wa ƴar Togo ta ƙulla masa yaji. Ɗaya ya ce a zuba masa shinkafa, a sa tumatir ɗin dutse da yawa.

Madina ba ta iya zubawa ba. Kunnenta na can cikin rumfa. Da farko ba ta ji komai ba. Can sai ta ji an ɗaga faifai. Sai ta ji motsin hannu a cikin akushi, a hankali, loma bayan loma. Lalla ta kawar da kai tana murmushi. Har ƙanzon da ya ƙone sai da Madina ta ji ana kankarowa.

Aka mayar da faifai.

"Ya ci?" in ji Malam Kalilu, bai waiga ba.

Ta shiga ta ɗauko akushin. Ba nauyi. Ta durƙusa a gefen bencin.

"Ya cinye, Baba."

"Har ƙaurin?"

"Har ƙaurin."

"To yana da haƙuri." Ya yi tari. "Ki ce masa in ya dawo Alhamis ya zo da manyansa. Su ma in ba sa ci a gabana a gaya mini tun da wuri, kar a yi asarar rago."

Ta kifa goshi a kan gwiwarsa. Kafaɗunta na rawa. Bai dafa ta ba, bai kuma janye ƙafar ba.

Sai aka ji ƙarar mota a babbar ƙofa. Mutane suka fara ja da baya. Masu kaki biyu suka sauko. Alhaji Zayyadu na gabansu, yana nuno rumfar da hannu.

Malam Kalilu ya dogara sanda ya miƙe. Ya gyara hularsa.

"Madina, ce masa ya gyara rawaninsa. Zan juyo."

Ya jira. Sannan ya juya ya dubi Ghissa ido cikin ido, daga sama har ƙasa, ya gyaɗa kai sau ɗaya. Ya koma ya tsaya a bakin rumfar, abokansa a tsaye dama da hagu.

Na gaba a cikin masu kakin ya tsaya a gabansa.

"Baba, matsa. Wani Buzu muke nema, an ce yana ciki."

"Yana ciki," in ji Malam Kalilu. "Surukina ne, yanzu ya gama cin tuwon gidana. Ni ne Kalilu na Bukoki. Duk tambayar da za ku yi masa, ku fara da ni."